SUNAN GIDA DA JININ GIDA: Abin da awon ƙwayoyin halitta ke faɗi game da asali

A ƙarshen shekarun 1990, wani shehun malami na jami'ar Oxford ta ƙasar Ingila, mai suna Bryan Sykes, masanin ilimin gadon halitta, ya karɓi goron gayyata zuwa wani taro da kamfanin haɗa magunguna na Glaxo Wellcome ya shirya. Shugaban kamfanin a lokacin shi ma Sykes ne, ana ce da shi Richard Sykes. Sai masu shirya taron suka yi ta tambayar malamin ko shi da shugabansu ƴan'uwa ne. Bai san amsa ba, domin bai taɓa jin wata dangantaka tsakanin gidajen biyu ba. To amma da yake sana'arsa ce, sai ya ga babu dalilin tsayawa ga zato. Ya nemi takwaran nasa ya goga ɗan buroshi cikin kumatunsa ya aiko masa, shi ma ya goga nasa, ya kai su ɗakin bincike. Da sakamako ya fito, sai ga alamomin mutanen biyu sun dace, kamar an tsaga kara.

Wannan ƴar tambaya tana cikin abubuwan da suka haifar da wani sabon fanni, wato bin sawun sunan gida ta hanyar awon ƙwayoyin halitta, abin nan da Faransawa ke kira ADN, masu jin Ingilishi kuwa DNA. A yau mutane masu ɗimbin yawa a Turai da Amurka na biyan kuɗi su aika yawunsu ga kamfanoni, domin su ji daga inda kakanninsu suka fito. Ya kamata mai karatu ya san abin da wanga awo ke iya faɗi, da inda bakinsa ke tsayawa, da kuma irin asirin da yakan tona ba tare da an tambaye shi ba.

Yadda suna ya zama gado

A ƙasar Hausa mutum na ɗaukar sunansa na yanka ne ya haɗa da na mahaifinsa. Idan Musa ya haifi Abdu, sai a rubuta Abdu Musa a takardar haihuwa da rajistar lakwal. Idan Abdu ya haifi Sani, sai a ce Sani Abdu, sunan Musa ya faɗi ke nan. Mutanen Ingila ba haka suke yi ba. A wurinsu akwai suna guda da gida ke riƙewa, uba ya ba ɗa, ɗa ya ba jika, har iyakar zuriya. Al'adar ta fara ne ga manyan masu ƙasa, bayan Normandawa sun ƙetaro daga Faransa sun ci Ingila a 1066. Sannu a hankali ta sauko ga talakawa, ta yadda a wajajen shekarar 1400 yawancin gidaje sun samu sunan da ake gado. Wani sunan daga kaka ya samo tushe, wani daga sana'a, wani daga wurin zama, wani kuwa laƙabi ne da ya bi mutum har ya bi ƴaƴansa.

Ashe kuwa cikin jikin kowane namiji akwai wani abu da ke bin wannan hanya ta uba zuwa ɗa, tun kafin a ƙirƙiro sunaye.

Silin da ɗa ke gada wajen uba

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu abubuwa guda 46 masu kama da silin zare da aka naɗe, masana na kiransu kuromozom. Rabinsu, wato 23, daga uwa suke, rabi daga uba, kuma a jikinsu ne gadon halitta yake rubuce. Biyu daga cikinsu su ne ke raba namiji da mace: mace na da sili biyu da ake kira X, namiji kuwa yana da X ɗaya da wani ɗan guntu da ake kira Y. Uwa ba ta da Y balle ta bayar, saboda haka duk namiji wajen ubansa ya samo nasa.

Sauran silin suna cakuɗuwa a kowace haihuwa, kamar hatsin gonaki biyu da aka zuba a rumbu ɗaya, bayan ƴan shekaru ba mai iya cewa wannan tsaba daga gonar wane ta fito. Shi kuwa Y yakan wuce daga uba zuwa ɗa kusan yadda yake. Sai dai jefi-jefi akan samu ɗan kuskure wajen kwafarsa. Misalinsa kamar almajirin da ke kwafar littafi da hannu ne: idan ya ƙara ɗigo ko ya rage, duk wanda ya kwafa daga nasa zai ɗauki kuskuren ya kai gaba. Waɗannan kurakurai su ne alamomin da masu awo ke karantawa. Wasu suna aukuwa a kai a kai, su ke nuna kusancin dangi cikin ƴan ɗaruruwan shekaru, kuma kamfanoni kan duba wurare 37, ko 67, ko 111 daga cikinsu. Wasu kuwa ba safai suke aukuwa ba, su ke rarraba mazajen duniya zuwa manyan rassa masu shekaru dubbai. Maza biyu da alamominsu suka dace sosai, kakansu na wajen uba ɗaya ne, kuma bai yi nisa ƙwarai ba.

Mutanen gidan Sykes

Da Bryan Sykes ya ga abin da ya fito tsakaninsa da takwaransa, sai ya faɗaɗa binciken. Ya aika wasiƙu ga maza sama da 200 masu wannan suna a yankin Yorkshire da maƙwabtansa na arewacin Ingila, inda sunan ya fi yawa. Cikin waɗanda suka amsa, an samu sakamakon mutum 48. Sunan Sykes ya samo asali ne daga wata tsohuwar kalma ta yankin mai ma'anar ɗan rafi ko ƙorama. Tun da ƙoramu suna da yawa a can, masana tarihi sun ɗauka gidaje dabam-dabam ne suka ɗauki sunan, ba tare da sun haɗa jini ba.

Abin da aka wallafa a shekarar 2000 ya saɓa wa wannan zato. Kusan kashi 44 cikin ɗari na mutanen suna ɗauke da alamomi iri ɗaya, waɗanda ba a samu ga maƙwabtansu masu wasu sunaye ba. Sauran kuwa alamominsu a warwatse suke, ba su taru sun zama wani gida na biyu ba. Malamin ya fassara haka da cewa mutum ɗaya ne tushen sunan, kuma tsofaffin takardun kotu sun nuna akwai masu wannan suna kusa da garin Huddersfield tun ƙarni na 13.

To ina sauran rabin suka fito? Cikin shekaru 700, suna da jini sun rabu a wurare da dama. Maraya ya tashi a gidan wani ya ɗauki sunansa, agola ya ɗauki sunan mijin uwarsa, yaron da aka haifa ba aure aka ba shi sunan gidan uwa, wani kuma uban da aka sani ba shi ne ya haife shi ba. Malamin ya ƙiyasta cewa irin wannan rabuwa ba ta wuce kashi 1.3 cikin ɗari ba a kowane hawa na zuriya. Kaɗan ce, amma idan ta taru hawa bisa hawa sai ta cinye kaso mai yawa na gida.

Kowane gari da maƙerinsa

Ba kowane suna ne ke da uba ɗaya ba. A jami'ar Leicester, wasu masana biyu, Turi King da Mark Jobling, sun auna maza sama da 1,600 masu sunaye 40, suka wallafa sakamakon a 2009. Sun gano cewa gwargwadon ƙarancin suna, gwargwadon haɗuwar jinin masu shi. Cikin masu sunan Attenborough, wanda ba shi da yawa, kusan tara cikin goma reshensu ɗaya. Masu sunan Smith kuwa, wanda ya fi kowane suna yawa a Ingila, alamominsu ba su bambanta da na sauran jama'a ba. Dalili a fili yake: ma'anar kalmar ita ce maƙeri, kuma kowane gari da maƙerinsa. Wanda ya ce duk mai amsa sunan Maƙeri ko Maɗinki daga Tawa zuwa Damagaram tsatsonsu ɗaya, an san ya yi nisa da gaskiya.

Jinin Afirka ta Yamma a Yorkshire

Cikin wannan aiki ne masanan Leicester suka ci karo da abin da ba su zata ba. Wani Bature, wanda bai san yana da wata alaƙa da Afirka ba, sai aka same shi ɗauke da wani reshe na Y da ake kira A1. Reshe ne tsoho ƙwarai, mai wuyar samu, wanda kafin nan mutane ƙalilan aka sani da shi, yawancinsu a Afirka ta Yamma. Sunan gidansa baƙo ne ko a Ingila, kuma masanan ba su bayyana shi a rahotonsu na 2007 ba, sai harafin farko kawai, wato R. Suka nemo maza 18 masu sunan, bakwai daga cikinsu suka fito da wannan reshe. Da aka bi takardun haihuwa da na aure na majami'u, sai aka kai ga gidaje biyu a Yorkshire a ƙarshen ƙarni na 18, daga nan sawu ya ɓace.

Awo ya tabbatar da cewa wani namiji mai tushe a Afirka ya bar zuriya a Yorkshire sama da shekaru 200 da suka wuce. Amma bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, bai kuma faɗi lokacin zuwansa ba. Masanan sun kawo hanyoyi biyu da abin zai iya biyowa. Ta farko, sojojin arewacin Afirka da daular Rumawa ta girke a ganuwar Hadrian ta arewacin Ingila a ƙarni na 3. Ta biyu, mutanen Afirka ta Yamma da aka riƙa kaiwa Ingila tun daga 1555, barori da bayi da ma'aikatan jiragen ruwa, har suka kai dubbai a ƙarni na 18. Ƙwayoyin halitta ba su yanke hukunci tsakanin hanyoyin biyu ba.

Ƙasusuwan sarki

A 2012 masu haƙa suka tono wasu ƙasusuwa a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a birnin Leicester. Ana zaton na Sarki Richard na Uku ne, wanda aka kashe a fagen yaƙin Bosworth a 1485. Turi King ce ta jagoranci awon. Akwai wani gado na dabam da mutum ke samu ta wajen uwa kaɗai, kuma na ƙasusuwan ya dace da na wasu mutum biyu masu rai, jikokin ƴar'uwar sarkin ta hanyar mata. Da aka haɗa wannan da raunukan yaƙi da karkacewar ƙashin baya, sai aka tabbatar shi ne.

Ta wajen uba ne magana ta ɓaci. Bisa salsalar da ke rubuce, sarkin ya haɗa kaka, Sarki Edward na Uku, da wani babban gidan sarauta da ake kira Somerset. An auna maza biyar na wannan gida, ba ko ɗaya da Y nasa ya dace da na sarkin. Cikin su biyar ɗin ma, huɗu sun dace da juna, ɗaya ya fita dabam. Ma'anar haka ita ce, a wani wuri cikin waɗannan ɗaruruwan shekaru, uban da takarda ta rubuta ba shi ne uban jini ba. Rahoton da aka wallafa a 2014 bai iya nuna a wane hawa igiyar ta tsinke ba. An je neman sarki, an dawo da maganar da ba wanda ya aika a nemo. Hausawa sun ce garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta.

Inda bakin awo ke tsayawa

Kowane mutum na da iyaye biyu, kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas. Idan aka koma baya hawa goma, adadin ya kai 1,024. Silin Y labarin mutum ɗaya tak yake bayarwa cikinsu, wato uban uban uba har can sama. Turawan nan na Yorkshire masu reshen A1, sauran gadonsu na Turawa ne kamar na maƙwabtansu. Bugu da ƙari, mace ba ta iya yin wannan awo da kanta, sai ta nemi ubanta, ko ɗan'uwanta, ko baffanta.

Haka kuma awon ba ya bambanta mutum da ƴan'uwansa na wajen uba. A 1998 an auna zuriyar baffan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, tare da wani jikan Eston Hemings, ɗan baiwarsa Sally Hemings. Alamomin suka dace. Abin da awo ya ce shi ne, wani namiji na gidan Jefferson ne ya haifi yaron. Sai da masana tarihi suka koma ga takardu, suka duba wanda ke gida a lokutan da aka ɗauki cikin ƴaƴanta, kafin yawancinsu su tsaya a kan cewa shugaban ne da kansa. Awo shaida ɗaya ne, yana bukatar takarda da bakin tsofaffi su tsaya masa.

Doka da shari'a

Wanda ya miƙa yawunsa ba sirrinsa kaɗai ya miƙa ba, har da na ƴan'uwansa da ba a shawarta ba. A 2013 wasu masana a Amurka sun nuna cewa ana iya gano sunan gidan mutumin da aka ɓoye sunansa, ta hanyar gwada alamominsa da waɗanda ke cikin rumbunan masu neman asali. A 2023 ɓarayin intanet sun kai ga bayanan mutane kusan miliyan 7 na kamfanin 23andMe, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya kai kansa kotu saboda karyewar jari.

Ƙasar Faransa, tun dokarta ta 1994, ta taƙaita awon ga harkar magani, da binciken ilimi, da umarnin alƙali. Wanda ya saya don son sani kawai, doka ta tanadar masa tarar yuro 3,750, wato kusan sefa miliyan 2 da rabi. A shari'ar Musulunci kuwa, ɗan da aka haifa cikin aure na mijin ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulmi, a zamanta na Makka cikin 2002, ta yarda a yi amfani da awon wajen binciken laifi, da gane jariran da suka cakuɗe a gidan likita, da yaran da suka ɓata, da gawarwakin da ba a shaida ba. Amma ta hana a yi amfani da shi don kore nasabar da ta riga ta tabbata.

A ƙasar Hausa

Tun da sunan gida ba ya zama gado a ƙasar Hausa, ba za a iya tara masu suna ɗaya a auna su kamar yadda aka yi a Yorkshire ba. Aikin da suna ke yi a can, a nan salsalar gidajen sarauta da na malamai ke yin sa, da kirarin maroƙa, da tsagar fuska wadda ta fara gushewa, da kuma bakin tsofaffi. Amma tambayar asali tana nan. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunanta sun kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma a Tsibiri. Fataken goro sun bar iyali a zangunan Salaga da Kumasi. Maniyyata da masu hijira sun zauna a Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta raba gidaje da yawa. Idan gida biyu, ɗaya a Maraɗi ɗaya a Katsina, suna da labarin cewa kakansu ɗaya, awon maza biyu na iya ƙarfafa labarin ko ya raunana shi. Abin da ba zai yi ba shi ne rubuta sunan kakan, balle ya ce wane jikan Bayajida ne. Kuma har yanzu samfurin mutanen Afirka ta Yamma kaɗan ne a rumbunan kamfanonin, don haka amsar da suke bayarwa game da wannan yanki ba ta cika zurfi ba.

Akwai wani abin lura. Binciken da Fulvio Cruciani na jami'ar Roma da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa wani reshe na Y mai suna R1b-V88 ya yawaita a kewayen tafkin Chadi, musamman ga masu harsunan dangin Hausa na arewacin Kamaru, ana kuma samunsa ga Hausawa. Wannan reshe ɗan'uwa ne ga wanda ya fi yawa a yammacin Turai. Bahaushen da aka ce yana ɗauke da shi kada ya zaci kakansa Bature ne, domin rabuwar ta yi shekaru dubbai, tun zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyawa. Babu reshen da ya keɓanta ga ƙabila ɗaya, kuma babu ƙabilar da ke da reshe ɗaya kaɗai. Saboda haka duk mai neman hujjar gori, ko dalilin hana aure saboda asali, ba zai same shi a ɗakin bincike ba.

Wanda ya ƙudurta yin wanga awo, ya kyautu ya fara da tsofaffin gidansu tun suna da rai, ya rubuta sunayen kakanni da garuruwan da suka zauna, domin awo ba shi da amfani ga wanda bai san abin da yake tambaya ba. Ya shawarci ƴan'uwansa na wajen uba, tun da amsar tasu ce su duka. Ya kuma tambayi kansa abin da zai yi idan sakamako ya saɓa wa abin da aka gaya masa tun yana yaro. Rabin mutanen gidan Sykes da alamominsu suka fita dabam ba su daina zama ƴan gidan ba: a nan aka yi musu suna, a nan aka rene su, a nan suka binne iyayensu. Zumunta, in ji masu iya magana, a ƙafa take. Allah ya rufa asirin kowa, ya ƙara haɗa kan ƴan'uwa.